Ƙullin Bahaguwa

Jiya jikana ya dawo daga tashar Malam Madori da ƙunshin banda, ya ajiye mini a gefen tabarma ya tsaya yana jiran albarka. Tun kafin in kwance ƙunshin ƙamshin ya riga ni, wannan ƙamshin hayaƙi da ƙarni da ba ya barin zane ko an wanke shi sau uku. Na kwance na laluba, domin idona yanzu sai a hankali. Kifayen duk ba wanda ya wuce tsawon yatsana. Na ce masa, "Waɗannan ai ko uwarsu ba su gama sani ba aka kamo su." Ya yi dariya, ya ce tsohuwa ba ta rasa abin kushewa. Na sa masa albarkar, na ci biyu don kada ransa ya ɓaci, amma tun jiyan hankalina yana bakin wani ruwa da na bari fiye da shekara saba'in.

Bari in faɗa maka gaskiya tun da wuri, kada ka ga furfura ka ɗauke ni wata saliha. Ni mai kishi ce, da shi aka haife ni. In aka yabi tuwon wata a gabana, ko ban ɗanɗana ba sai na gano gudajinsa. In aka ce ɗan wance ya fara tafiya, sai in ce ai ƙafarsa gwame ce. Amma duk kishin da na yi a duniya babu wanda ya kai wanda na yi da wani mutum da bai taɓa yi mini komai ba, wato ɗan ƙwadagon kakana.

Ƙauyenmu yana kan wani ɗan tudu tsakanin Haɗeja da Auyo. Abin da nake ba ka labari ya faru kafin Nasara su zo da shekara goma ko fiye, ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Ubana ya rasu ina goye, zazzaɓin damina ya tafi da shi. Uwata ta yi aure a Kaugama, aka bar ni hannun iyayen ubana, Kaka da Iya. Iya mace ce mai aiki ba surutu. Kaka kuwa tsokana ce abincinsa, kuma ni ce akushinsa. Bai taɓa kirana da sunana ba sai Bahaguwa, don Iya ta yi iyakar ƙoƙarinta ta koya mini cin tuwo da dama, amma sauran komai da hagu nake yi, daka da shara da jifa. In na wuce sai ya ce, "Bahaguwa, yau wa kika gaisar a juye?" Ni kuma in murguɗa masa baki, raina fari tas.

Ruwanmu ba daga sama kaɗai yake zuwa ba. Sai damina ta yi nisa sannan kogi ya kawo nasa daga yamma, a hankali ba hayaniya. Yau ya ci gindin giginya, gobe ya ci hanyar kasuwa, jibi ka tashi ka tarar ƙauyen ya zama tsibiri. Kifi ya biyo shi ya bazu cikin fadama, cikin shinkafa da bado, ya yi ƙwai ya yi ƙiba. In kaka ta yi ruwa ya fara ja da baya, sai kifin ya nemi hanyar komawa kogi. Hanyoyin ba su da yawa, kuma ɗaya daga ciki, wani mashigi mai faɗin taku ashirin, na gidanmu ne tun kakan Kaka. A nan ake kafa shinge. Ana jera turaku daga wannan gaɓa zuwa waccan, a ɗaura musu asabari, a bar ƙofa ɗaya a tsakiya. A bakin ƙofar ake dasa sankiya, babban tarko saƙaƙƙe wanda in kifi ya shiga ba ya samun hanyar fita.

Kwana shida ake kamu. Ran Juma'a kuwa, da an idar da sallar asuba sai a ɗaga sankiya a jingine ta a gaɓa, a bar ƙofa a buɗe har wayewar Asabar. Haka kowane mai shinge yake yi, kuma sarkin ruwa yana sa ido a kai. Ni abin ba ya yi mini daɗi, in tsaya ina kallon manyan tarwaɗa suna wucewa suna kaɗa jela kamar masu yi mana gwalo. Na taɓa tambayar Kaka dalilin wannan asara. Ya ce, "Mai aiki ya huta, ruwa ya huta, mutanen ƙasa da mu su ma su ci. Wanda ya wuce yau shi zai haifa miki na baɗi." Mutanen ƙasa da mu wani ƙaramin ƙauye ne da ba su da shinge, sai komar kamun kifi da gora, kuma kifin Juma'a shi ne abincinsu na mako.

To, shi ɗan ƙwadagon. Kowace shekara in ruwa ya juya sai ya ɓullo daga gabas, daga wajen ƙasar Bade, da sanda a hannu da burgami a kafaɗa. Dogo ne siriri, maganarsa kaɗan, Hausarsa a karkace irin ta mutanen can. Ba bawa ba ne, ko da yake a zamanin bayi ba su yi wuya ba. Ɗa ne, da ƙafarsa yake zuwa, in ruwa ya ƙafe da ƙafarsa yake komawa wurin matarsa da 'ya'yansa, jakinsa ɗauke da bandar da za ta ci da su har wata kakar. Kullum shi yake fara gaishe ni. "Lale, 'yar maigida." Ni kuwa ta hanci nake amsawa.

Me ya yi mini? Ba komai. Abin da Kaka yake yi masa ne yake cina. Da la'asar in an juye kifi a gaɓa, Kaka zai kasa shi kashi uku, biyu na gida, ɗaya na mai aiki. Amma ba zai bari kowa ya taɓa ba sai ya ce, "Ɗana, zaɓi." Ɗana fa, ka ji. Shi zai fara ɗauka, mu 'yan gida mu kwashi saura. Kuma abin haushi, ba ya ɗaukar kashin da ya fi girma, sai na tsakiya, Kaka ya bi shi da kallo yana gyaɗa kai. Da ya yi haɗama ma da na sami abin faɗa. Maƙwabtanmu a zaure suke miƙa wa 'yan ƙwadagonsu ƙanzo, namu kuwa akushi ɗaya yake ci da Kaka, a tabarma ɗaya, a inuwar da a da ni nake zama ina tsince masa ƙayar kifi.

Wata shekara ƙayar kurungu ta soke shi a tafin hannu, hannun ya kumbura har gwiwa, ya kwana goma bai shiga ruwa ba. Kaka shi kaɗai ya riƙa fama da sankiya, amma kowace la'asar sai ya kasa uku, ya ɗauki ɗaya ya kai ƙofar bukkarsa, Iya ta yi masa banda. Na kasa haƙuri, na ce, "Kaka, ai bai yi aiki ba." Ya dube ni ya ce, "A ruwan wa ya ji ciwon?" Ni kuwa a raina ina lissafa nawa aikin. Ni ke kai abinci bakin shinge, ni ke kankare ɓawon karfasa har yatsuna su tsattsage, ni ke yo itacen banda, hayaƙi ya cika mini ido. Ba wanda ya taɓa kasa wani abu ya ce mini zaɓi.

Akwai wani ƙulli na gidanmu da ake ɗaure asabari da shi a jikin turke. In ruwa ya ja sai ya ƙara tamkewa, amma in ka fizgi wutsiyar igiyar sau ɗaya sai ya warware. Kaka mutum biyu ya koya wa a duniya, ubana da wannan baƙon. Na roƙe shi ya koya mini, da saƙar sankiya. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Bahaguwa, ke da za ki tafi gidan wani, me za ki yi da ƙullin shinge? Je ki taya Iya yanka." Na tafi, amma ban bar idona a gida ba. In na kai abinci sai in zauna a bayansu kamar mai wasa da laka, ina kallon yatsunsu. In na dawo in laɓe bayan rumbu da guntun igiyar kaba ina gwadawa a turken akuya. Akuyar nan ta sha wahalata. Kafin ruwa ya ƙafe a shekarar na iya, kuma ban gaya wa kowa ba.

Abin da ya ƙarasa ni goran ubana ne. Babban goran kamun kifi ne, wanda masunci yake kifawa ya hau ya yi iyo, ya yi ja don shan hannu, yana rataye a ɗakin Iya tun rasuwarsa. Ban san fuskar ubana ba, goran nan na sani. In ba kowa nakan hau turmi in kara kunnena a bakinsa in ji yana gunji a hankali, in ce maganarsa ce. A shekarar da nake ba ka labari goran ɗan ƙwadagon ya tsage. Kaka ya shiga ɗaki ya sauko da na ubana, ya kaɗe ƙurarsa da hannun riga, ya miƙa masa. Mutumin ya ja da baya, ya ce, "Baba, wannan ya fi ƙarfina." Kaka ya ce, "Karɓi, ɗana. Mai shi ba zai ji haushi ba." Mai shi ban sani ba, amma ni na ji.

Juma'ar da ta biyo baya ta zo daidai da babban juyin kifi, lokacin da ruwa yake gudu da gaske kuma duk abin da ke fadama yake neman fita lokaci ɗaya. Da asuba ɗan ƙwadagon ya ɗaga sankiya ya buɗe ƙofa yadda ya saba. Da hantsi maza suka sa fararen riguna suka shiga jirgi zuwa birni sallar Juma'a, Kaka a cikinsu. Shi kuwa ya ce zai tsaya ya ɗinke rigarsa, ya yi nisa can gindin wata tsamiya inda yakan kwanta ranar hutunsa. Na ɗauki tulu kamar mai zuwa ɗebo ruwa, na bi ta bayan shinkafa.

Abin da na ƙudurta ba shi da yawa, Allah ne shaidata. Na ce in rufe ƙofar na ɗan lokaci, kifi ya taru, in dawo da azahar da babbar ƙwarya in kwashi abin da na iya, in buɗe. In Kaka ya dawo ya tarar da kashi guda a tsakar gida wanda ba hannun baƙo a ciki, in ce masa, "Kaka, zaɓi." Har na ji yadda zan faɗe shi. Sankiya ta fi ƙarfina, don haka na jawo wani asabari da ke jingine, na shiga ruwa har ƙirji. Kifi yana bugun ƙafafuna ta ko'ina. Na tare ƙofar da shi, na ɗaure sama da ƙasa, ƙulli huɗu. Na ja na ji sun kama. Na fito ina rawar sanyi ina murmushi, na cika tuluna na koma gida.

A gida na tarar Iya ta juye shinkafar da ta turara a tsakar gida, ta ce yau sai mun gama surfe ta. Da azahar na ce cikina yana ciwo, ta ce bayan gida ai ba nisa. Na ce zan ƙaro ruwa, ta ce randa a cike take. Iya ba a yi mata dabara. Muka yi ta daka, rana tana dukan ƙeya, irin zafin kakar nan da ke zuwa kafin sanyi ya sauka. Da muka gama maza sun dawo, tsakar gida ta cika, ba halin fita. Na ce a raina ba komai, kifi a ruwa yake, gobe da sassafe zan riga kowa in fizge igiya.

Tsuntsaye suka riga ni. Tun daga nesa na ga shirwa da zalɓe da balbela sun rufe saman mashigi, sannan warin ya tare ni. Ruwa ya ja da baya fiye da taƙi guda a yini ɗaya. Kifin da ya taru a bayan shinge ya rasa hanya, na baya yana tura na gaba, ruwan ya yi kaɗan, rana ta dafa shi. Daga gaɓa zuwa gaɓa fari fat, ciki a sama. Manyan ba su ne suka tsaya mini a rai ba. Ƙananan ne, 'yan bana, masu tsawon yatsa, sun rufe laka kamar an zubar da buhun shinkafa. Kaka yana tsaye a gaɓa hannunsa a baya. Ɗan ƙwadagon yana cikin ruwa a bakin ƙofa, ya tsura wa igiya ido.

Kafin hantsi mutanen ƙasa da mu suka iso, sun yini jiya da komarsu a ruwa ba su kama ko na miya ba. Aka kira sarkin ruwa, aka zauna gindin tsamiya. Mu mata da yara muna tsaye daga nesa, ni ina rungume da ƙwaryar da na zo da ita. Sarkin ruwa ya sa aka yanko ƙulli ɗaya aka kawo masa. Ya juya shi, ya ce wannan ƙullin gidan Kaka ne, ya tambaya mutum nawa suka iya shi. Kaka ya ce, "Ranka ya daɗe, a raye mu biyu ne." Kowa ya ga Kaka a masallacin birni. Aka juya ga baƙo.

"Kai ka buɗe ƙofa jiya?"

"Ni na buɗe, ranka ya daɗe."

"To wa ya rufe?"

Baƙon ya karɓi ƙullin ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗaga kai ya bi mutane da ido a hankali har ya zo kaina. Ba fuskata ya kalla ba. Hannuna ya kalla, wanda ke riƙe da bakin ƙwarya. Sai ya sunkuyar da kai ya ajiye igiyar a ƙasa, bai ƙara cewa komai ba. Aka yi ta tambaya, shiru. Wani ya ce ai a fili take, ya so ya kwashi kifin Juma'a shi kaɗai ne ya sayar, barci ya ɗauke shi. Wani ya ce abin da ake samu ke nan in an sa bare a akushi. Sarkin ruwa ya yanke cewa daga ranar kada ƙafarsa ta sake taɓa ruwan ƙasar nan. Ni kuwa, don ka san ko wace ce ni, a wannan lokacin abin da na fara ji sanyi ne a raina.

Maƙwabta suka ce wa Kaka ya riƙe bandarsa a bakin ɓarnar da ya yi. Kaka ya ƙi. Ya ce aikin da mutum ya riga ya yi nasa ne, laifin yau ba ya cinye gumin jiya. Daga rumbunmu ya fitar da abin da aka bai wa mutanen ƙasa da mu. Da hannunsa ya ɗaure wa baƙon kaya a kan jaki, amma bai kalle shi ba, bai kuma ce ɗana ba. Mutumin ya durƙusa ya yi wa Iya sallama. Ya kawo goran ubana ya ajiye a bakin ƙofar ɗaki a hankali. Da ya zo wucewa ta gabana ya ce, "Sai wata rana, 'yar maigida." Ya kora jakinsa ya yi gabas.

Na samu abin da nake so. Inuwa ta dawo tawa, gora ya koma ɗaki, ba mai zaɓa kafin mu. Sai dai Kaka ya daina tsokana. Zan wuce ta gabansa sau goma ba zai ce Bahaguwa ba. Yakan ci loma uku ya ture akushi. Da la'asar hannunsa yakan kasa kifi uku bisa sabo, sai ya tsaya yana kallon kashin na uku, ya haɗe shi da sauran. Ran nan na ji yana gaya wa Iya, "Ba kifin ke damuna ba. Shekara bakwai ina cin tuwo da mutum ban san shi ba." Na hau turmi na kara kunne a bakin gora, na ji gunji kawai irin na kowane gora.

Kwana biyar na yi ina ɓoye abin. Ran na shida muna yanka da Iya na ce mata ni na rufe ƙofa. Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ke? Miƙo mini wuƙar can." Na maimaita ina kuka, ta ce tausayi ne yake sa ni surutu, mace ina ta ga ƙullin shinge. Na tafi wurin Kaka, shi ma ya ce kada in ɗauki zunubin wani in ɗora wa kaina. Ka ji fa. Na yi laifi mafi girma a ƙauyen, amma ko a matsayin mai laifi ba a yarda na isa ba. Haushin wannan ne ya ba ni ƙarfi, ba tsoron Allah ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Na fizgo igiyar akuya, na durƙusa a gaban Kaka, na ɗaura ta a ƙafar gadonsa, na ja ta kama, na fizgi wutsiya ta warware. Na sake ɗaurawa na bar masa.

Ya sunkuya ya dubi ƙullin. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da guntun igiyar da aka yanko ranar shari'a, ashe yana tare da shi. Ya ɗora shi kusa da nawa. Ya kuma ɗauki wata igiya ya yi nasa a gefe. Biyu sun kwanta hagu, ɗaya ya kwanta dama. Ya ce, "Na ga a juye yake. Na ce gaggawar marar gaskiya ce." Sannan ya ce, "Shi baƙon ya gane." Na jira duka, bai dake ni ba. Ya rufe fuskarsa da hannu biyu, ya ce, "Ina da ma'aikata biyu a gidan nan. Ɗaya na kore shi, ɗaya ban taɓa ganin ta ba."

Washegari ya sa ni a jirgi ya kai ni gaban sarkin ruwa, na yi ƙullin a gaban maza, wasu suna salati wasu suna ƙunshe dariya. Sarkin ruwa ya janye hukuncinsa. Kaka ya je ƙauyen ƙasa da mu gida gida ya wanke sunan mutumin. Ya ba fataken kanwa masu zuwa gabas saƙo, ayari uku daban daban, cewa a gaya wa dogon nan mai tabo a tafin hannu Babansa yana neman gafara, ƙofa a buɗe take. Da ruwa ya juya baɗi, kullum da hantsi Kaka yakan hau tudu ya sa hannu a goshi yana duban gabas. A shekarun nan ne aka fara jin labarin yaƙi daga can, garuruwa suna watsewa. Bai zo ba. Har yau ban sani ba ko saƙon ya same shi, ko ya tafi kabari da sunan ɓarawon Juma'a. Kifi ma shekara biyu bai dawo mana yadda yake ba.

Kaka ya koya mini saƙar sankiya, tun da ba wani. Na zama mace ɗaya a duk fadamar da ke shiga shinge, har aka yi mini aure. Da la'asar yakan kasa uku ya ce, "Bahaguwa, zaɓi." Ina ɗaukar na tsakiya, don na ga yadda ake yi. Amma ran Juma'a in na ɗaga sankiya na naɗe igiya, sai ya dube ta ya ce, "Shi ba haka yake naɗewa ba." Ba da mugunta yake faɗa ba, ya ma manta ina ji. Da mutumin yana nan da na yi ta gasa da shi har wata rana in fi shi. Da ya tafi da laifina a kansa bai ce uffan ba, sai ya hau inda ba zan taɓa kamo shi ba.

Jikan nan nawa dako yake yi a tasha. Kwanaki ya zo yana ba ni labarin wani abokinsa ma'aikacin jirgin ƙasa, Kirista daga kudu, wai a cocinsu ana koya musu cewa ma'aikaci mutum ne kafin ya zama hannu, hutunsa haƙƙinsa ne, ladansa ya isa ya ci da iyalinsa, ƙasa da ruwa kuma amana ce ba ganima ba. Yana faɗa yana jin ya kawo mini sabon abu. Na ce ya gaishe da abokin, maganarsa gaskiya ce, sai dai ya makara, wani tsoho da bai taɓa ganin coci ba ya riga shi a bakin mashigi. Sannan na tambaye shi ko su a tashar ana ce musu zaɓi, ko in buhu ya karya wa mutum baya ana kai masa kasonsa ƙofar ɗaki. Ya yi dariya, ya ce wanda ya kwanta an maye gurbinsa kafin azahar. Na tambayi masu zuwa daga ƙauyenmu ko har yanzu ana buɗe ƙofa ran Juma'a. Suka ce yanzu raga ake shimfiɗawa mai ƙananan idanu, kwana bakwai, kuma ba wanda ake kaiwa gindin tsamiya. Abin da na yi sau ɗaya aka kori mutum a kansa, yau shi ne sana'a.

Goran yana nan rataye a ɗakina, ya tsage ta gindi, gizo-gizo ya yi gida a bakinsa. Jiya bayan mun ci bandar jikana ya ɗaga kai ya tambaye ni na wane ne. Na ce na ubana ne, na gada. Ya gamsu ya tafi. Amma kai da na gaya wa komai ka san ba haka ba ne. Kaka da hannunsa ya sauko da goran nan, ya kaɗe shi, ya miƙa wa baƙon da yake ce wa ɗana. Shi ba shi aka yi. Ni a bakin ƙofa na tsince shi.